Fitilun Ɗakin Inna

"Kada wanda ya yi kuka a gaban Inna," in ji Kawu Gwadabe. "Da hawan jinin nan nata, a bari sai an samo gawar."

Kwalekwalen Yaya Abdulmannan ne ya kife da safe, a hanyar gonar shinkafarsa ta Auyo. Inna kuwa tun zazzaɓin bara kunnuwanta suka daina ji. Shi ya sa Yaya ya mayar da kwamfutarsa ɗakinta, ya sa manhajar da ke haɗa fitilun jikin kwamfutar da sauti. In an yi sallama duk su yi kore, in yara na ihu su koma ja.

Na kai mata kunu ina murmushin dole. Na yi mata alama da hannu cewa ruwa ne ya tsare Yaya a Auyo. Ta gyaɗa kai, ta shanye kunun. Na ɗauka mun tsira.

Mata suka yi ta shigowa tsakar gida, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Yaran ma aka tura su maƙwabta.

Bayan la'asar Inna ta kamo hannuna.

"Shamsiyya, miƙo mini mayafina. A shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarmi."

Na tambaye ta da hannu wa ya gaya mata.

"Babu kowa, 'yar nan. Gida ya cika da mutane, amma tun safe fitilun nan ba su motsa ba." Ta ƙara matse hannuna. "Ke ga ki a gabana. Shi kaɗai ne bai dawo ba."