Hitar Teburin da Babu Kowa

"Dattijo, wutar kamfani fa kake ƙonawa a banza!" in ji manaja daga bakin ƙofa.

Tsohon kafintan bai ko waiwayo ba. Sababbin hitocin ɗumama wuri da aka rataya a rumfar ƙera jiragen ruwan ba sa kamawa sai sun ga motsi a ƙarƙashinsu. Shi ya sa kowace safiya, cikin sanyin hunturun Yuli na tsibirin Tasmaniya, yakan zo teburin da babu kowa, ya yi ta kaɗa hannu har ƙarfen hitar ya yi ja.

"Ko tsufa ya sa ka manta teburinka?"

"Wannan na ƙanena ne," ya ce. "Shekara da shekaru yana tari, yana roƙonku ɗumi. Sai da muka binne shi kuka kawo. Bar ta ta ci."