Mai Hoto da Gilashin da Ba Ya Barin Kowa a Waje

Tun da ka ce neman gamsar da kowa ya gajiyar da kai, gyara zama in ba ka misalin wani mai hoto.

A zamanin da hoto sai an kai birni an wanke, an yi wani mai hoto a wani ƙaramin gari. Kyamararsa irin ta da ce, wadda ba ta cikin gilashinta ake leƙe ba, sai ta wata 'yar taga a gefe. A cikin tagar mutum kan fito da inuwa biyu, a murɗa gilashi a hankali har su haɗe, sannan a danna. Shekara talatin yana wannan aiki, kuma abu ɗaya ke cin ransa: duk taron da ya ɗauka, sai an sami na gefe da hoto ya yanke. Wannan ya fito da rabin kafaɗa, wancan hularsa kaɗai ta shiga, wata ta rantse da gangan aka cire ta don ba ta da gata. Ya yi ta ja da baya har gadon bayansa ya san kowace katanga a garin. Gwiwa ta gaji, kunne ya gaji. Ran nan ya shiga mota ya tafi birni wurin mai sayar da kayan hoto, ya ce a ba shi gilashin da ba ya barin kowa a waje. Mai shago ya jera masa guda uku a kan ƙyalle. Ya ce na farko ganinsa daidai yake da na tagar, na biyu ya ɗan ɗara ta, na uku kuwa yana kwaso abin da tagar ba ta gani, don haka sai an ɗora masa tasa tagar a saman kyamara, kuma mai shi sai ya matsa kusa da mutane har ya ji numfashinsu. Mai hoto ya ji farkon magana, bai tsaya jin ƙarshenta ba. Ya ɗauki na uku, ya bar tagar da ake ɗora masa a kan tebur, yana cewa a ransa wanda ya tsufa a sana'a ba a koya masa inda zai tsaya.

Ya dawo gida ya tarar da aike. Tsohuwar ungozomar garin, wadda ta yanke wa rabin mutanensa cibiya, ta kwanta ciwo ta ɗan farfaɗo. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. 'Yarta ta yi ta lallashi har ta amince, sau ɗaya tak, don jikoki su san fuskarta. Da labari ya bazu, duk wanda ya faɗo duniya a hannunta ya ce sai ya shiga. Aka fito da ita ƙofar gida aka zaunar, mahauta da malamai da masu goyo suka kewaye ta. Mai hoto ya ɗaura sabon gilashi, ƙafarsa ta kai shi inda ta saba, ya jingina da katangar tsallaken hanya. Ya leƙa. A cikin tagar taro ya cika fal, ga tsohuwa a tsakiya da farin mayafinta. Na gefe sun fita daga taga kamar kullum, amma yau bai damu ba. Ya haɗa inuwa biyu, ya danna. Tsohuwa ta ɗaga hannu alamar ya isa, aka mayar da ita ɗaki.

Fim ya yi kwana goma sha biyu a birni. A kwana na tara Allah ya karɓi ran tsohuwa. Da hoton ya iso, mai hoto ya buɗe shi a tsaye, sai ya nemi wuri ya zauna. Ba wanda aka yanke. Har rumbun maƙwabta ya shiga, da akuya a turke, da shanyar wani gida, da kekensa da ya jingine, da sama mai faɗi da shirwa biyu a cikinta. Can a tsakiya mutane sun dunƙule kamar tururuwa a bakin rami, fuskar tsohuwa ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Ya mayar da shi birni a faɗaɗa, fuskar ta watse kamar gari a ruwa. Bayan an share makoki 'yar ta zo. Ta karɓi hoton da hannu biyu, ta kai shi kusa da ido, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, sannan ta ce, “Malam, ina Inna a nan?” Ya zaro tsinken tsintsiya ya ɗora kansa a kan wani farin ɗigo. Ta daɗe tana kallon ɗigon. Ta ce Allah ya saka da alheri, ta naɗe hoton a bakin mayafi ta tafi. Wannan godiya ta fi masa ƙorafin shekara talatin nauyi. Ya kwance gilashin, ya naɗe a ƙyalle, ya sa a ƙasan akwati. Daga ranar, in ya je taro, fuskar wanda aka taru dominsa yake fara nema, na gefe kuwa su zo su yi mita, yana jinsu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.