Takardar da Ke Jikin Bango

Kin ce kasuwar hannun jari harkar manyan Legas ce, babu ruwan talaka da sanin ta. To, saurari wannan misalin. An buɗe kasuwar nan ne wajen lokacin samun 'yancin kai, don mai kamfani ya sami jari, mai ɗan abin hannu kuma ya sami rabo a kamfani, ya sayar ranar da ya matsu. Bayan wasu shekaru gwamnati ta sa kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa wani kaso, har da ma'aikatansu. A cikin waɗanda suka saya akwai wani direban kamfanin sabulu. Ya kawo wa matarsa takarda mai kauri, da koren zane a gefe da jan hatimi, ya ce, "Uwargida, adana mini wannan, ta wajen aiki ce." Bai ƙara ko kalma ba, don shi ba mai zancen samunsa da iyali ba ne. Shekara ba ta zagayo ba ya rasu a hatsarin mota, ya bar ta da 'ya ɗaya. Ita karatun allo ta yi, takardar kuwa da Turanci take. Ganin kyanta, sai ta ɗauka shaidar yabo ce Turawa suka ba shi saboda riƙon amana. Ta kai aka sa mata gilashi, ta rataye a bangon ɗakinta. Duk Juma'a sai ta goge ta da gefen zanenta. Masu shigowa su karanta sunansa su ce Allah ya jiƙansa, su wuce. Wasiƙun riba kuwa suna ta zuwa akwatin gidan waya na wurin aikinsa, inda babu sauran wanda ya san shi.

Shekara talatin ta riƙe kanta da dakau da ƙullin gyaɗa. Ta aurar da 'yar, sai ga ciwon ƙoda ya kama 'yar, mijinta ya gaji ya maido ta gida. Likita ya ce sai wankin ƙoda sau biyu a mako. Tsohuwa ta sayar da awakinta. Ta sayar da keken ɗinki, da kwanukan jerenta, daga baya har gadon ƙarfen da aka kawo ta da shi. Wankin sau biyu ya koma sau ɗaya, sau ɗaya ya koma sai an samu. Ta zauna a tabarma tana yi wa 'yarta fifita, tana kallon ƙafafunta suna kumbura, tana duba ɗakin ko akwai sauran abin da dillaliya za ta karɓa. Ba ta ga komai ba. Da damina ta faɗi, 'yar ta cika. Ranar uku, cikin masu gaisuwa akwai wata da ta yi aikin banki har ta yi ritaya. Ta ɗaga kai ta dubi bango, ta daɗe tana karantawa, sa'an nan ta matso ta rage murya: "Inna, kin san mece ce wannan? Rabon Malam ne a kamfanin, kuma ya hayayyafa. Da an bi sawunsa an sayar, da ya ɗauki asibitin nan shekara da shekaru." Tsohuwa ta ɗaga kai ta dubi takardar. Can ta ce, "'Yar nan, yanzu wa zan kai asibitin?"

Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.