Kwalekwalen da Ta Zana

Da mai ba da labari ta ɗaga zane na huɗu, sai wani magidanci ya gyara zama. Na matarsa ne. Wata takwas ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata magana. Likita ya ce a ba ta fenti da takarda, ko hannu zai faɗi abin da baki ya kasa. Yau asibitin ya tara majinyata da danginsu a babban zaure, mai jita yana kaɗawa a hankali, ana ƙaga wa kowane zane labari.

Mijin da kansa ya sa wannan zanen a firam, shi ya ɗaura masa maratayi.

"Kwalekwale ne," in ji mai labarin, "ya baro gaɓa, ba matuƙi."

Mijin ya sunkuyar da kai. Abin da ya fahimta ke nan tun ranar farko: matarsa ta gaji, tafiya take son yi.

Sai keken guragun da matar ke zaune a kai ya motsa.

"A kife... yake."

Muryarta ta fito a dushe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Jita ta yi shiru.

Mai labarin ta juya zanen. Ashe gadon bayan mutum ne, ya duƙa a gefen gadon asibiti, barci ya sace shi. Farar da'irar da mijin ya daɗe yana ɗauka hasken wata ne a kan ruwa, sanƙonsa ne.