Sarƙar Wuyan Sahura

Da hantsi, ana yayyafi, na isa ƙofar jami'a in gaya wa ƙanwata Sahura mahaifinmu ya rasu.

Maigadi ya tare ni, ya nuna wasu ɗalibai da ke wucewa. "Samari, ka ga sarƙar wuyansu? 'Yan ajin babban Turanci ne. Sarƙar na jin Hausa sai ta yi ja, a kori mai ita."

"Baba, ni ba na jin Turanci."

"To ja bakinka."

Sai ga Sahura tafe da malaminsu, da irin sarƙar a wuyanta. Tana ganina ta toshe kunnuwa. Malamin ya nuna silifas ɗina ya ce wani abu, ta yi dariya.

Gyalenta ya maƙale a ƙarfen ƙofa. Na sunkuya na cire mata a hankali, ta wuce abinta.