Hancin Mus a Teburin Tsohuwa

Ɗanta ya dire mata hancin mus, ƙatuwar dabbar dajinsu, jini bai ma bushe ba. A garin, tsohuwa ce ke fara cin hancin, sannan a raba nama gida-gida. Rabonta da cin sa shekara uku.

"Mace ka harbo ko namiji?" ta tambaya.

Ya sunkuyar da kai. "Mace ce, Inna, amma haƙƙinmu ne. Gwamnati ba ta isa ta hana mu farauta ba."

"Ni za ka koya wa gwamnati? Sau biyu tana ƙwace bindigar ubanka, ni na taka har kotu. Amma wannan doka tamu ce. Hannun nan na ɗaga na amince a zauren taro, muka ce a bar matan su hayayyafa."

"'Yan birni fa? Kullum harbi suke."

"Su ba ni na haife su ba."

Ta daɗe tana kallon hancin, ta haɗiye yawu, sannan ta ture shi gefe.

"Je ka kai kanka wurin masu gadin dajinmu, kafin in kai ka."

Da ya fita, ta jawo gwangwanin kifi, ta hau laluben mabuɗinsa.