Shawarar Dada Mai Tuwo

Tun da motarsa ta faɗa rami a hanyar Makurɗi, direbansa Muntaka ya rasu, Alhaji Gimba ya daina ɗaukar ma'aikaci sai da shawarar Dada mai tuwo. Ba ta daɗe da zuwa Inugu ba, amma duk ɗan ƙwadagon kasuwar Ogbete a rumfarta yake ci, kuma daga yadda mutum ke kai loma take gane halinsa. Ba ta taɓa karɓar tukuici ba.

Shekarar da aka samu 'yancin kai, Gimba ya sayi sabuwar mota, ya faɗaɗa cinikin goro da albasa.

"Dada, wa zan sa a ina?"

Ta ce Lawal mai zafin nama ya kula da goro. Bubayero mai ladabi ya yi ciniki da mata masu sari. Mark ɗan Kagoro, mai zurfin tunani, ya riƙe lodi a tasha.

Duka ukun mutanen kirki ne, ba wanda ya ɗauki ko ƙwaya. Sai dai goro yana son mai zama ya tsince shi yana sake masa ganye, Lawal kuwa ba ya iya zama, tsutsa ta bi huhu bayan huhu. Bubayero bai iya cewa a'a ba, ko nawa aka taya sai ya sallama. Mark yana cikin auna yadda za a jera buhuna, motocin wasu su cika su tashi, albasa ta ruɓe a rana.

Gimba ya yi zagi, ya yi kora, Dada ta kawo masa wasu. Bai lura cewa waɗanda ya kora ta kai su wajen abokan hamayyarsa ba, Lawal a lodi, Mark a goro, kowa yana bunƙasa.

Kafin damina ta zagayo, mota ta tafi, shago ya bi ta. Ya je rumfar Dada, ya tarar tana ɗaure tukwane.

"Dada, ke da ba kya kuskuren hali, yaya aka yi haka?"

"Ban yi kuskure ba, Alhaji." Ta ja igiya ta ƙulle. "Muntaka ma na san halinsa. A hankali yake tuƙi tun yana koyo. Kai ka ce ko ya taka wuta ko ya ajiye makulli."

Da a ce Gimba ya je gaisuwar mutuwar direbansa, da tun ranar farko ya gane Dada ce mahaifiyar Muntaka.